Sati huɗu aka ce mana, muka yi wata uku



Iyayenmu mata da ke zaune nan gaba, sannunku da zuwa. Ƴan uwana samari da ƴan mata, na fada da na makaranta, sannunmu da ƙoƙari. Na san wasunku daga kasuwa kuka taso, wasu kuma kun bar babur a bakin ƙofa, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kowace shekara idan Oktoba ta kama, mukan maƙala ƙyalle ruwan hoda a gaban riga, mu ce wa mata su duba mamansu, su je asibiti da wuri. Gaskiya ce, kuma za mu ci gaba da faɗinta. Amma ni yau maganata a kan matar da ta riga ta je ce. An gano ciwon, an yi mata aiki, ta fara magani har ta kai rabi, sai likita ya duba zuciyarta ya ce a dakata. Me ke faruwa da ita daga wannan ranar? A gidanmu abin ya faru bana, kuma ni na yi kuskuren. Yayata ta ba ni izini in faɗa, da sharaɗin kada in ambaci sunanta.

Shekarunta 41, ƴaƴanta biyar, ɗinki take yi a cikin gida nan Maraɗi. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma kekenta ne ya kai ni har jami'a. Bara da damina ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, kamar ɗan magarya, ba ya ciwo. Ba ta ɓoye ba, ba ta tsaya shafe-shafe ba. Aka tura mu Yamai, aka yanki ɗan nama aka yi analiz, aka ce sankara ce. Bayan wasu makonni sakamako na biyu ya fito, aka ce irin wadda ake kira HER2 ce.

Bari in tsaya nan kaɗan, don ni ma a lokacin ban gane ba. Sankarar mama iri-iri ce. Cikin mata 100 masu ita, kimanin 15 zuwa 20 tasu tana ɗauke da wani sinadari da ya yi yawa a bayan ƙwayoyin ciwon, shi ne HER2 ɗin, shi ke ta zuga su su hayayyafa. Da can wannan irin yana cikin mafi saurin kisa. A 1998 aka amince da wani magani a Amurka, sunansa trastuzumab, wasu sun fi saninsa da Herceptin, wanda ke zuwa ya toshe wannan sinadarin. Ya canza labarin mata da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba a 2015. Ana ba da shi duk bayan sati uku, yawanci har shekara guda.

To haka Yaya ta bi layi. Aka cire maman. Aka yi mata shimiyo sau huɗu da wannan jan ruwan da duk wanda ya yi jinyar sankara ya sani, wanda ke zubar da gashi, har fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Sunansa doxorubicine. Daga nan aka shiga trastuzumab. Duk sati uku mu hau kar da asuba, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai Yamai, kilomita sama da 600, mu kwana gidan wani ɗan uwa, a ɗaura mata ruwan, mu juyo. Mijinta ya saida raguna, ƙannenmu da ke ci-rani suka riƙa aikowa, matan asusunsu suka ba ta kwasa kafin layinta ya zo. Sau takwas muka yi wannan tafiyar saboda wannan maganin kaɗai.

Farkon watan Yuni muka je karo na tara. Kafin a ɗaura ruwa aka ce ta fara yin eko na zuciya, kamar yadda ake yi mata duk wata uku. Muka kai wa likita takardar. Ya duba, ya ɗauko ta farko ya jera su, ya tambaye ta ko tana haki in ta yi tafiya. Ta ce kaɗan-kaɗan, amma ai zafi ake yi. Sai ya juyo gare ni. Ni ne na shiga na gaishe shi da Faransanci, ni ne mai lisansi, ni ne ɗan boko na gida, don haka da Faransanci ya yi mini bayani. Na tuna ya ce “on suspend”, na tuna ya ce zuciya, na tuna ya ce sati huɗu. Ya rubuta ordonansi, ya rubuta wani abu a ƙasan takardar eko ɗin, ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane. Layi ya yi tsawo a waje, salulata na ta ƙara cikin aljihu, hankalina yana kan tikitin komawa.

Da muka fito Yaya ta ce, “Auta, mi lokotoro ya ce?”

Na ce, “Ya ce an tsaida maganin, ya taɓa miki zuciya. Ga wasu ƙwayoyi za ki sha sati huɗu.”

Ta ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan, Yaya.”

Ba ta ƙara cewa komai ba har Doso.

Jama'a, abin da likitan ya ce daban. Cewa ya yi a jinkirta maganin sankarar sati huɗu, a ba zuciya magani ta huta, a sake eko, in ta farfaɗo a ci gaba. Sati huɗun nan na dawowa ne, ni kuwa na maishe shi na shan ƙwaya. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda bai je lakwal ba da ya ce, “Lokotoro, faɗa mini da Hausa.” Ni kunyar a ce ban gane ba ta hana ni tambaya.

Kun san abin da ke faruwa in marar lafiya ya dawo daga Yamai aka ce an tsaida magani. Kafin magariba labari ya zaga dangi. Gwaggonmu ta zo ta zauna bakin gado ta ce, “To, tunda sunka sallamo ta, sai mu koma ga Allah da na gida.” Duk wanda ke ɗakin nan ya san ma'anar “an sallamo”. Mutane suka fara zuwa gaisuwa da ƙaramar murya. Ita kanta Yaya ta kira babbar ɗiyarta ta ce ta ɗauki keken ɗinkin ta kai ɗakinta. Ruwa ya sauka, mijinta ya tambaye ta ko a taɓa kuɗin da aka ajiye na magani a sayi taki, tunda ba za a koma ba. Ta ce a taɓa, yara za su ci. Ƙwayoyin zuciya suka ƙare bayan wata guda, ba wanda ya sake saye. Gwaggo ta kawo jiƙo a cikin tulu, da saiwoyi da jar kanwa, safe da yamma.

Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Kowa da abin da na faɗa masa ya yi aiki.

Cikin watan Agusta ƙafafunta suka fara kumbura. Takalminta ya daina shiga. Da dare sai ta jingina da matasai uku, in ta kwanta sosai numfashi ya gagara. Mu duka muka ce ciwon ne ya bazu. Wani dare a fada ina ba da labari, abokina da ke karatun likita a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce in kawo masa dosiyenta ya gani. Na kawo washegari. Ya buɗe takardar eko ya haska da fitilar salula, ya nuna mini rubutun hannu a ƙasa: a sake eko bayan sati huɗu, a ci gaba da magani in zuciya ta koma daidai. Har da ranar randebu, farkon watan Yuli. Ya dube ni ya ce, “Kai, wa ya ce maka an sallame ta?” Shayin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba.

A daren nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun a Yamai. Shi nake so in ba ku yau, don kada wani ya maimaita.

Zuciya famfo ce. Ɗakinta na hagu na ƙasa yana cika da jini, ya matse, ya tura shi cikin jiki. Ba ya juye duka a bugu ɗaya. A mai lafiya, cikin kashi 100 na jinin da ya shiga, yana tura wajen 55 zuwa 70. Wannan lambar ita eko ke aunawa, a takarda za ku ga an rubuta FEVG. Ta Yaya kafin a fara magani 62 ce. Ranar da aka dakata ta sauko 46. Abin da likita ya gani ke nan da ya jera takardun biyu.

Me ya haɗa maganin mama da zuciya? Wannan sinadarin HER2 da maganin ke toshewa, akwai shi kaɗan a naman zuciya ma, kuma yana taimaka mata ta gyara kanta in ta wahala. In aka toshe shi, a wasu mata sai ƙarfin matsawar ya ragu, musamman wadda ta riga ta sha jan ruwan nan. Amma su biyun ba halinsu ɗaya ba. Jan ruwa yana lalata ƙwayoyin zuciya ne kai tsaye, ɓarnarsa tana bin jimillar abin da mutum ya sha a rayuwarsa, kuma sau da yawa ba ta gyaruwa gaba ɗaya. Shi ya sa likitoci ke lissafa shi, akwai iyakar da ba su son a wuce, shi ya sa kuma ba a cika haɗa su a lokaci guda ba. Shi kuwa trastuzumab, a mafi yawan mata raunin da yake kawowa yana warwarewa in aka ɗaga ƙafa aka ba zuciya magani.

Dakatawar kuma tana da ƙa'ida a rubuce, ba ra'ayin likita ba ne na ranar. Takardar da ke tare da maganin ta ce a auna zuciya kafin a fara, a sake duk wata uku. In lambar ta faɗi da 16 ko fiye daga inda ta fara, ko ta sauka ƙasa da daidai kuma ta faɗi da 10 ko fiye, a dakata aƙalla sati huɗu a sake aunawa. In ta farfaɗo cikin sati huɗu zuwa takwas, a ci gaba. In ta ƙi farfaɗowa bayan haka, ko an yi ta dakatawa fiye da sau uku, sannan ne ake maganar barin maganin ɗungurungum, a duba wata hanya. A tsakanin nan ana ba da magungunan da ke rage wa zuciya nauyi, irin su enalapril da carvedilol, waɗanda ake samu a farmasi, kuma ba a daina shan su don kwali ya ƙare ko don an ji sauƙi. Likita ne ke cewa a daina.

Kun ga ashe gyara kayanka aka ce mana, mu muka ji sauke mu raba.

Wata za ta ce, to in aka dakata, ciwon ba zai samu sarari ba? Tambaya ce mai kyau, ita ce ke hana mata da yawa barci. A Birtaniya an bi mata sama da 4,000, rabi suka sha maganin nan wata shida, rabi shekara guda. Sakamakon ya fito a 2019: bayan shekara huɗu, kusan 89 cikin 100 a kowane ɓangare ciwon bai dawo musu ba. Wani bincike irinsa da aka yi a Faransa bai kai ga tabbatar da hakan ba, shi ya sa har yanzu shekara guda ce ma'auni. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, allurai takwas da mace ta riga ta sha ba su tashi a banza ba don an jinkirta ta tara da sati huɗu. Amma wa zai ce an isa, wa zai ce a ƙara, wannan hukuncin likita ne da takarda a gabansa. Ba na Gwaggo ba ne, ba na mai gida ba ne, ba nawa ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu ƴan yankin nan musamman. Mata da yawa suna zuwa wurin maganin sankara da zuciyar da ta riga ta gaji. Hawan jini ya yi yawa cikinmu, kuma da yawa ba su taɓa aunawa ba. Akwai ciwon sukari. Akwai kuma ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin jego, ta kumbura, ta riƙa haki. Likitoci sun yi rubutu a kansa a Zariya tun shekarun 1970, an bincike shi a Yamai ma, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Matar da ta taɓa yin wannan kumburin a haihuwarta ta uku, ko da shekara goma ne da suka wuce, dole ta gaya wa likita kafin a ɗaura mata ruwan farko. Sau da yawa ba ta faɗa, don a wurinta wannan jego ne ya wuce, ba ta ga abin da ya haɗa shi da mama ba.

Sannan kanwa. Ba na zagin abincinmu, da kunun kanwa aka raine ni. Amma kanwa ƴar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciya mai rauni ruwa ne abokin gabarta. Jiƙon Gwaggo da jar kanwa, a kan zuciyar da aka daina ba magani, shi ya taimaka wajen kumbura ƙafafun Yaya. Haka gishiri, haka dunƙulen miya da muke jefa uku-uku a tukunya.

Ga alamun da nake so kowa ya riƙe, in kuna da mai shan maganin sankara a gida. Haki a kan aikin da da ba ya sa ta haki. Kasa kwanciya sai an tada kai. Tari da dare. Kumburin ƙafa ko ciki. Nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu uku. Zuciya na bugawa da sauri ko tana tsalle. In an ga ɗaya daga ciki, ba a jiran ranar randebu. Kuma ku sani, da yawa lambarsu tana sauka ba su ji komai ba. Shi ya sa eko na wata uku ba ƙarin kashe kuɗi ba ne da za a tsallake in aljihu ya yi sanyi.

Mu dai kwana biyu bayan daren nan muka kai ta wurin likitan zuciya. Aka ba ta maganin fitar da ruwa, aka maida ta kan ƙwayoyin da ta bari, aka ce a ajiye tulun Gwaggo. Zuwa gaya wa Yaya gaskiya shi ya fi mini wuya. Na durƙusa na ce, “Yaya, ba a sallame ki ba. Ni ne ban ji daidai ba.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Auta, kuɗin lakwal ɗin nan dai sai ka maido mini.” Ta yi dariya, ni na kasa.

Tsakiyar Satumba muka koma Yamai. Eko ya nuna 55. Likita bai yi faɗa ba, ya ce kawai sun neme ta a ranar ba su gan ta ba. Sai da aka sake hotuna a tabbatar ciwon bai ɓulla wani wuri ba, alhamdu lillahi ba a ga komai ba. Da yake an daɗe ba a sha ba, sai da aka koma babban awo irin na ranar farko, wanda ya fi na kullum yawa, ya kuma fi tsada. Kuɗin da za a saya kuwa yana cikin gona ya zama hatsi bai isa girbi ba. Bashi muka ci. Yanzu ta sha biyu, ana auna zuciyarta kusa-kusa, keken ɗinki ya dawo ɗakinta. Sati huɗu aka ce mana, muka yi sati goma sha huɗu.

Mun yi sa'a, kuma sa'a ba tsari ba ce. Ba kowace mace ke da ƙane mai aboki ɗalibin likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa manufa uku kan sankarar mama: a gano aƙalla 60 cikin 100 tun ciwon yana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma aƙalla 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu ba su yanke ba. Duk Oktoba ta farko muke ta yi wa shela. Ta ukun fa? Mace ba ta cika yankewa ranar da take tsakiyar layi ba. Tana yankewa ne ranar da aka samu giɓi: magani ya yanke, kuɗi ya ƙare, ko an ce a dakata saboda zuciya. A birnin da asibiti ke bayan gida, sati huɗu sati huɗu ne. Ga wadda za ta taso daga Damagaram, kusan kilomita 900, ko daga Tawa, sama da 500, ko daga wani ƙauye bayan Dakoro, sati huɗu ƙofa ce da in ta fita da wuya ta dawo.

Ƙasarmu ta yi wasu abubuwa, kuma ya kamata mu faɗa. Tun 2007 akwai dokar da ta ce kula da sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara a Yamai, kuma tun 2021 ana gashin sankara da na'ura a cikin ƙasa, abin da da sai an fita waje. A kan wannan tushen muke so a ɗora, kuma buƙatunmu huɗu ne.

Na ɗaya, duk matar da aka dakatar wa magani ta fita da ranar dawowa a rubuce da manyan lambobi, kuma a gaya mata ita kanta, da Hausa ko Zabarmanci ko harshen da take ji, a sa ta maimaita da bakinta. Jikinta ne. Kada a bar maganar a hannun ɗan rakiya don ya iya “bonjour docteur”.

Na biyu, eko na bibiya a riƙa yinsa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a aika sakamakon Yamai ta waya, likitan zuciya da likitan sankara su yi magana da juna. Bai kamata mace mai haki ta kwana a kar don awon da bai fi rabin awa ba.

Na uku, kyautar da doka ta ambata ta haɗa da awon zuciya da magungunan zuciya ga mai shan maganin sankara. Maganin ne ya jawo raunin, don haka cikin jinyar yake.

Na huɗu, a samu mutum ɗaya da rajista da salula, aikinsa ya kira duk wadda ba ta zo randebu ba. Kira ɗaya a watan Yuli da ya wadatar da gidanmu.

Waɗannan na hukuma ne, za mu rubuta su mu kai, mu kuma bi sawu. Amma akwai namu, wanda ba ya jiran sa hannun kowa.

Ku da kuka yi karatu, ku ake turawa rakiya. In likita ya ce a dakata, kada ku tashi daga kujerar sai kun samu amsar tambaya uku. Wane magani aka dakatar, wane za a ci gaba da sha? Wace rana za mu dawo, kuma da wane awo a hannu? Wace alama ce in mun gani za mu zo kafin ranar? Ku rubuta. In likita ya yarda, ku ɗauki muryarsa a salula ku tura wa dangi ta WhatsApp, kowa ya ji daga bakinsa. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba. Matambayi ba ya ɓata, digiri kuma ba ya zubewa don an ce “a maimaita”.

Ku lura da kalmar da za ku kai gida. Kada ku ce an tsaida. Ku ce an ɗaga zuwa rana kaza. Ku faɗi ranar da ƙarfi a tsakar gida, a gaban mai gida da gwaggo da kishiya, don kowa ya san kuɗin da ke ajiye yana da ranar fita.

Ƴan fada, muna tara kuɗin shayi da sukari kowane dare, muna tara na ƙwallo, muna tara na bikin aboki. Kowace fada ta san gidan da ake jinya a unguwarta. Tikitin kar na zuwa da dawowa bai fi ƙarfin mutum goma sha biyar ba. Ƴan uwanmu da ke Yamai, masu ɗaki da tabarma, masauki na kwana biyu yana cikin abin da ke sa mace ta dawo ko ta zauna. Iyayenmu mata, ku kuka koya wa duniya asusun Mata Masu Dubara, a jihar nan aka fara shi a 1991. Ku kun riga mu sanin yadda ake riƙe juna. Abin da muke roƙo, in kun ji an ce an dakatar wa wata magani, kafin ku tafi gaisuwa da ƙaramar murya, ku tambaya, “Yaushe za ta koma?”

Addu'a kuwa ba mu taɓa barinta ba, kuma malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya warware tawakkali. Gwaggo ma yanzu ita ke riƙe da kwalin ƙwayoyin, ita ke ƙirga su, kuma kaf gidan ba mai isa ya sa kanwa a tukunyar Yaya.

Ranar Talata mai zuwa da asuba za mu hau kar, allura ta goma sha ɗaya. Wannan karon babbar ɗiyarta za ta shiga wurin likita tare da mu, da littafi da biro, kuma Yaya ta ce da Hausa za a yi.

Wanda ke da mai jinya a gida kuma akwai takardar da bai gane ba, kada ya tafi. Ɗaliban likita uku suna nan bayan ɗaki, sun yarda su zauna har magariba su karanta muku. Abin da ya fi ƙarfinsu za su gaya muku wurin wanda za ku je.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.